Karatu ma a yi shi kamar zubi

Maganar da na kawo yau ta majami'a ce, kuma na san mafi yawan masu karanta takardar nan, ko waɗanda ake karanta ma ita ranar zubi, Musulmi ne. Kada ku ninke ta tukuna, ba wa'azi zan yi muku ba. Magana ce ta rance, da ta wadda za ta riƙe ma mace goyo idan ta tafi neman ilimi, wannan kuwa ba ta bar gidan kowa ba.

Mu Kirista a Nijar ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma a warwatse muke. A ƙauye guda sai ki tarar da gida 3 ko 4, su ne ikilisiyar duka. Mishan ta shigo ƙasar nan ta Zinder tun shekarun 1920, asibitin Galmi da kowa ya sani an buɗe shi a 1950, kuma akwai makarantun Littafi Mai Tsarki da sunka yi suna wajen Maraɗi, kamar ta Agye, inda mutum ke kwashe iyali ya tafi ya yi shekaru kafin ya fito fasto ko mai bishara. To, ba kowane ƙauye ke iya ciyar da fasto ba. Namu fasto ɗaya ne ga ƙauyuka da dama. Bisa moto yake zagayawa, in ya zo mana Lahadin nan, sai an yi makonni kafin mu sake ganin ƙurarshi. Da damina in gulbi ya kawo, sai dai gaisuwa ta salula.

Ranakun da ba shi nan, dole wani ya miƙe ya buɗe Littafi. Shi ne mai wa'azin sa-kai: manomi ne ko tela ko mai gyaran moto, ba shi da albashi, ba a naɗa shi fasto ba, ba ya yin baftisma, ba ya ɗaura aure. Saboda irin su ne ikilisiyoyin yankinmu ke shirya ɗan horo, abin da muke ce ma formasiyo. Ana koya musu yadda ake karatu da murya a ji har baya, yadda ake ɗaukar aya a bi ta daga tushe kada mutum ya ɗora ma Littafi abin da bai faɗa ba, yadda ake bi da sujada, da abin da za a faɗa a gaban gawa ko bakin gadon maras lafiya. Har ƙirgar baiko da rubuta shi ana koyarwa.

Shekaru da yawa, duk lokacin da anka yi wannan horo a majami'ar gari, ana kiran mata. Ana kiranmu da suna ma, a cikin sanarwa. Sai dai aikin da ake kiranmu mu yi shi ne tuwo. Maza na ciki da littafi da biro, mu muna bayan majami'a da murhu da muciya, mako 2 cur. Ni dai Allah ya sa madafar tana gindin taga. In na ɗora sanwa sai in jingina da bango in kasa kunne, abin da ya shiga ya shiga, abin da hayaƙi da kukan yara sunka cinye ya tafi. Wata Inna da muke girkin tare ta taɓa ce mini, “Ke ɗiyata, mu ma ga shi muna lakwal, sai dai namu allo tukunya ta.” Munka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa bayan an watse. Kowa ya san halin jihar Tawa: da an ɗaure gero an zuba rumbu, sai maza su ɗauki jaka. Wani Najeriya, wani Abijan, wani Libiya ko Aljeriya, wani wajen haƙar zinariya a arewa. Kirista da Musulmi duk hanyar guda ce, yunwa ba ta tambayar addini. Cikin mazan da anka horar daga ƙauyenmu, akwai shekarar da ba a samu ko ɗaya a gida ba tun daga sanyi har faɗuwar ruwa. Takardar shaidarsu na cikin akwati, su suna can. Ba na ganin laifinsu, abincinmu sunka tafi nema. Amma majami'ar rani, in kin leƙa, mata ne da yara da tsoho guda wanda idonshi ya daina ganin baƙi. Tsohon zai buɗe da addu'a, sa'an nan ya juyo ya ce, “Wa ka iya karanta muna?” Sai a yi shiru, kowa ta dubi ta kusa da ita. A ƙarshe ni ce ke miƙewa, don na yi aji 6 a lakwal kafin a yi mini aure.

Karatu daban, bayani daban. Littafi Mai Tsarki yana cikin Hausa tun 1932, amma Hausar littafi ta fi kusa da ta Kano, akwai kalmomin da tsofaffinmu ba su saba da su ba. In na karanta, sai wata ta ce, “To, mi anka ce?” Nan fa ake yin ta. Wadda ba a koya ma ba, abin da ya zo bakinta shi za ta faɗa. Na ji mace ta gaya ma wadda ɗanta ya rasu cewa zunubinta ne ya jawo, tana ganin ta'aziyya take yi. Na ji wata ta hana maras lafiya zuwa likita, wai rashin bangaskiya ne. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu. Aikin dai muna yin shi, ko an horar da mu ko ba a horar ba. Ɗakin mai jego, wa ke shiga? Mace ta rasu, wa ke wanke ta, wa ke kwana da ɗiyanta? Yara a makarantar Lahadi, wa ke gabansu? Ranar Zumuntar Mata, wa ke buɗe Littafi? Fasto, komai kirkinshi, akwai ƙofar da ba ya ƙetarewa a ƙasar Hausa, kuma bayan wannan ƙofar ne rabin ikilisiya ke zaune.

Kada in ɓoye muku, maganar tana da gardama a cikinmu, kuma gardamar ba ta banza ba ce. Dattawa na kawo wasiƙun Manzo Bulus, ta fari zuwa ga Timoti da ta fari zuwa ga Korintiyawa, inda anka yi maganar mace ta yi shiru cikin taro, kada ta yi iko bisa namiji. Masu ɗayan ra'ayin sai su buɗe Littafin nan dai su nuna Bilkisu matar Akila, wadda wasu ke karantawa Biriskilla, da ita da mijinta sunka jawo Afolos, mutum mai baki da sani, sunka gyara mishi koyarwa. Su nuna Fibi da Bulus ɗin da kanshi ya yaba a ƙarshen wasiƙar Romawa, da Lidiya ƴar kasuwa mai saida tufafi masu tsada wadda masu bi sunka riƙa taruwa gidanta, da Debora da ta yi shari'a a Isra'ila. Ikilisiyoyi a duniya sun rabu kan wannan, wasu na naɗa mata fastoci, wasu ba su yi, tamu ba ta yi. Ni ban nemi a naɗa ni komai ba, kuma ba ni ce zan raba wannan gardama ba. Abin da na riƙe shi ne wanda ɓangarorin biyu sunka yarda da shi: wasiƙar Titus ta ɗora ma manyan mata koya ma ƙanana. To, in an ɗora mana koyarwa, da me za mu koyar? Ba a aika yaro rijiya a hana shi guga.

Wadda ta ƙarfafa mini guiwa kuwa ba ƴar majami'a ba ce. Shugabar ƙungiyarmu ta asusu ce, Hajiya, mai zuwa Islamiyya kowace yamma duk da furfurarta. Wata rana bayan an rufe akwati na yi mata wannan kuka, sai ta ce, “Ƙanwata, ba ki san labarin Nana Asma'u ba? Ai nan kusa anka yi shi.” Ta ba ni labarin ɗiyar Shehu Usmanu, wanda kakanninshi Toronkawa sun zauna ƙasar Ƙwanni ɗin nan tamu. Nana Asma'u ta ga matan ƙauye ba su iya baro gida su zauna gaban malami, sai ta zaɓi manyan mata masu hankali, ana ce ma kowace jaji, ta koya musu, ta ɗora musu malfa da jan ƙyalle don a san an yarda da su. Su ke jagorar mata zuwa wajenta, su ke komawa ƙauyuka da karatun cikin waƙa, yadda ko mai daka za ta riƙe. Su ne ƴan taru. Ta rasu a 1864, ga shi har yau ana zancenta. Hajiya ta ce, “Ke dai duba dubararta. Ba ta jira mata su sami sarari ba, don mace ba ta samun sarari. Karatun ta yanka daidai bakinsu.”

Wannan magana ta zauna mini. Da na koma gida na yi ta juya ta, sai na ga ashe dubarar asusu ce. Lokacin da Mata Masu Dubara ta soma a jihar Maraɗi a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, ba wanda ya ce ma mace ta kawo jikka 20 a dunƙule. Da an ce haka, da ba a yi ba. An ce ta kawo abin da take iyawa kowane mako, ko dala 10 ce. Tun ana yi mana dariya har tsarin ya ƙetare iyaka, ƙasashe da dama a Afirka sunka ɗauka. Horon majami'a kuwa a dunƙule ake neman shi: ki bar gida mako 2, ki kwana gari, lokacin sanyi, daidai sa'ad da albasa ke son ruwa safe da yamma kuma maigida ba shi nan. Ko da an buɗe ƙofa an ce mata ku shigo, wa za ta shiga? Mai goyo? Mai tsohuwar suruka a ɗaka? Ko a ce ba a hana mu da baki ba, lokacin da anka sa ya isa ya hana.

Sai munka shirya, mu 4 daga Zumuntar Mata, munka tafi wajen Baba fasto. Yadda munka tafi ɗin ma a asusu munka koye shi. Da can in za mu yi ma dattawa magana sai mu aika tsohuwa ta durƙusa ta yi ta kewaye-kewaye, a ce mata an ji, shi ke nan. Wannan karon mun zauna tun da fari mun raba magana, kamar ranar da munka je wajen maigari neman fili: wance ta buɗe, wance ta kawo lissafi, wance ta rufe. Lissafin kuwa a rubuce: Lahadi nawa cikin ranin bara ba a samu namiji mai karatu ba, mata nawa sunka haihu, nawa sunka yi rashi, wa ya je musu. Ba mu ce a ba mu mimbari ba. Mun ce a koya mana, rana ɗaya cikin mako, daga hantsi zuwa azahar, a majami'ar da ta fi kusa da ƙauyukanmu, mu kwana gidajenmu.

Baba fasto ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, “Ƴaƴana, na ji, amma ba ni kaɗai ke yankewa ba.” Maganar ta yi watanni wajen dattawa. Wani ya ce in mata sunka soma, gobe sai su ce su ne fastoci. Wani ya ce a bar shi ga matan masu bishara kaɗai, tunda su dama ana ba su darasi tare da mazansu. Wannan ne ya fi ci mini rai, don ya nuna ƙofar karatun mace ita ce aurenta. Gwauruwa fa? Wadda mijinta ke Libiya fa? A ƙarshe dai anka yarda, da sharaɗi: za a koya mana abin da ake koya ma maza, amma za mu yi aiki da shi cikin mata da yara da marasa lafiya, sai ranar da babu namiji mai karatu, a nan mace za ta karanta ta yi bayani daga inda take tsaye, ba daga mimbari ba. Wasu cikinmu sun ga an rage mana. Ni na ce mu karɓa, tunda abin da muke yi ke nan tun da, yanzu za mu yi shi da sani.

Saura kuɗi, kuma nan ne maganar ta shigo akwatinmu. Koyarwar kyauta ce, amma akwai kabu-kabu zuwa da dawowa kowane mako, akwai kaye da biro, akwai Littafi ga wadda ba ta da nata, ga ranar sana'a guda da za ta faɗi. Ni ina da ƴan tumaki, na iya. Amma akwai wata ƙaramar gwauruwa cikinmu, mai ɗiya 3, mai tuyar ƙuli-ƙuli, wadda duk mun san ta fi mu kai. Ita ta miƙe ranar zubi ta nemi rancen jikka 10. Da magatakarda ta tambaye ta na mene ne, ta ce na karatu.

Ranar an yi zafi. Dokar ƙungiyarmu ta ce rance na sana'a ne, ko na ciwo da haihuwa daga ƙaramin akwatin taimako. Ma'ajiyarmu, wadda ba ta wasa da dala ɗaya, ta ce, “Yaya, ni ba addininta na ƙi ba, Allah shina gani. Amma karatu ba ya haihuwa ƙarshen wata. Da mi za ta biya?” Gaskiya ta faɗa, kuma don irin wannan tsanani ne akwatinmu bai taɓa ɓaci ba. Wata ta ce in an buɗe wannan ƙofa, gobe kowa sai ta zo da nata dalili. Wata kuma ta ce to sai me, ita ma tana son shiga yaƙi da jahilci, kuɗin fitila da littafi ne sunka tsayar da ita. Daga nan sai magana ta bar majami'a ta koma kanmu duka. Ashe mata da yawa na da karatun da suke so: mai son Islamiyya, mai son koyon ɗinki a gari, mai son ta iya karanta saƙon kuɗi a salula da kanta, kada ta riƙa miƙa ma yaron maƙwabta ya san abin da mijinta ya aiko.

Abin da munka yanke, na rubuto shi nan ko wata ƙungiya za ta so ta duba. Ana ba da rancen karatu, amma bai wuce rabin abin da mace ta tara cikin akwati ba, don in ta kasa, ranar rabo a cire. Sai ta faɗi sana'ar da za ta biya da ita, a gaban kowa, kamar kowane rance. Mace 2 kaɗai ke riƙe da irin shi a lokaci guda. Kuma ba a tambayar wane irin karatu ne, na majami'a ko na Islamiyya ko na boko, wannan tsakaninta da gidanta. Hajiya ta ƙara abu guda wanda ba ya cikin kaye: ranar karatun mace, maƙwabciyarta ta ƙungiya ta riƙe mata yara, ita ma ta rama wata rana. Ɗiyan gwauruwar nan gidan wata Musulma sunka riƙa wuni, a can suke shan hura, yayin da uwarsu ke koyon wa'azi. Mutanen da ke nesa in an gaya musu sai su yi mamaki. Mu rijiyarmu ɗaya, ba mu ga abin mamaki ba.

Karatun kanshi bai zo da sauƙi ba. Mun fara mu 9, mun gama mu 6. Ɗaya ciki ya yi mata nauyi, ɗaya mijinta ya bugo waya ya ce ta bari, ɗaya kuma karatun baƙi ya gagare ta ta ji kunya, duk da mun roƙe ta ta zauna, don ta fi mu duka haddar ayoyi. Wannan ta ukun har yanzu tana raina. Horon an gina shi bisa biro da takarda, alhali matanmu da yawa da kunne suke karatu, kuma kan da ke riƙe lissafin zubin mata 25 ba tare da kaye ba, ba ƙaramin kai ba ne. Na gaya ma malaminmu, ya ce zai duba yadda za a riƙa jarrabawa da baki.

Abin da ya fi yi mini amfani cikin darussan ba shi da ƙyalƙyali. An koya mana in mun shiga gidan rashi mu fara da zama, kada mu yi gaggawar buɗe baki. An koya mana cewa “ban sani ba, sai na tambayi fasto” amsa ce mai daraja. An koya mana kada mu riƙe sirrin da mace ta gaya mana a ɗaka mu fito da shi cikin addu'ar taro da sunan a yi mata roƙo, abin da ya kashe zumunci da yawa a ikilisiyoyinmu. Kuma an ce in mun tarar da mai naƙuda da ta daɗe, ko yaro mai zazzaɓi da suma, mu yi addu'ar a kan hanyar likita.

Gwauruwar ta biya rancenta kafin wa'adi, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ranin da ya wuce ita ke karatu mafi yawan Lahadi, a tsaye kusa da tabarmar mata, tsohon nan na gyaɗa kai. Da maza sunka dawo da farkon damina ta koma ta zauna, ɗaya daga cikinsu ya hau mimbari, wasu ba su ma san abin da ya gudana bayansu ba. Takardar shaidar da anka ba mu ta bambanta da ta maza: tasu ta ce masu wa'azi, tamu ta ce masu taimako. Mun kai maganar ga Baba fasto, ya ce a taron dattawa mai zuwa. Wani zagayen karatun za a soma bayan an cire albasa, kuma cikin gurabe 2 na rancen karatu a ƙungiyarmu, ɗaya ya riga ya tafi ga mai son yaƙi da jahilci, ɗaya na nan.